Sunan da Ya Shiga Littafin Kotu

Duk lokacin da rundunar soja ko ta 'yan sanda ta buɗe ɗaukar sababbin ma'aikata, shagunan kwamfuta na Anka da Gummi da Gusau cika suke yi da samari. Kowa da takardunsa a cikin leda: sakamakon sakandare, shaidar haihuwa, takardar asalin ƙaramar hukuma, lambar katin ɗan ƙasa. Ana ta maganar tsawo da faɗin ƙirji, ana lissafin wa ya san wa a Abuja. A cikin sharuɗɗan akwai layi guda da yawancinsu ke tsallakewa ba tare da sun karanta ba, domin bai shafe su ba: kada mai nema ya kasance kotu ta taɓa samunsa da laifi. Wanda layin ya shafa kuwa, nan yake cijewa. Sai ya naɗe takardunsa, ya ce wa abokai shi bana ba ya sha'awa.

Wataƙila wata uku kacal ya yi a gidan gyaran hali na Gusau, kan wayar da ya saya a hannun yaron da bai sani ba, ko kan faɗan da ya kaure ranar kasuwa. Wata ukun sun shuɗe tun shekaru biyar. Shi layin nan ba a yanka masa wa'adi ba.

Mutanen Abare ba sa bukatar dogon bayani kan abin da ke shiga jiki cikin sauƙi ya ƙi fita. A 2010 ne aka gano cewa dutsen zinariyar da ake dakawa ana niƙawa a tsakar gidaje, a Abare da Dareta da Sunke da Tungar Daji da Bagega a ƙasar Anka, da 'Yargalma da Tungar Guru a ƙasar Bukkuyum, cike yake da dalma. Yara sama da 400 suka rasu. Ƙungiyar Likitoci Na-Gari Na-Kowa, wato MSF, ta zo da magani, ƙwararru suka kankare ƙasar gidaje suka zuba sabuwa, har aka gama da Bagega a 2013. Sai dai likitoci sun faɗa tun a lokacin cewa dalmar da ta riga ta zauna a ƙashi takan yi shekaru masu yawa ba ta bar jiki ba, ko da yaro ya tashi yana wasa kamar kowa. Hukuncin kotu haka yake zama a rayuwar matashi. An buɗe masa ƙofa ya fito, ya yi wanka, ya canza kaya, amma abin yana nan a ciki, sai ranar da ya je neman wani alheri sannan ya motsa.

Littattafai biyu ne ke riƙe da sunan wanda aka taɓa hukuntawa: ɗaya a hannun hukuma, ɗaya a bakin mutanen gari.

Na hukuma, gaskiya, ya daɗe yana da rauni a Najeriya. Fayil na ɓata, gara na cin takardu, kotun ƙauye ba ta san abin da kotun birni ta yanke ba. Samari da yawa da wannan suka dogara. Mutum ya yi zamansa a gidan yarin Talata Mafara, ya fito ya canza suna, ya nufi Ibadan ko Legas ya kama acaba, shi ke nan an wuce wurin. Wannan zamanin yana ƙarewa. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta tarayya ta 2015 ta wajabta wa 'yan sanda su rubuta bayanan duk wanda suka kama, da hotonsa da zanen yatsunsa, ta kuma tanadi babbar rajistar masu laifi ta ƙasa wadda ake aika wa hukunce-hukuncen kotuna. Daga wannan rajista ake fitar da takardar shaidar hali ta 'yan sanda, wadda ofisoshin jakadanci da wasu kamfanoni ke nema. Ga lambar BVN ta banki tun 2014, ga lambar NIN da aka tilasta haɗawa da layin waya tun ƙarshen 2020, dukansu a kan yatsa aka gina su. Suna yana canzuwa da takardar rantsuwa ta kotu, amma yatsan da aka dangwala a caji ofis yana ɗan shekara 19 shi ne dai zai dangwala a ofishin fasfo yana ɗan shekara 40. Maƙwabtanmu na Nijar sun riga mu nisa a wannan: a Maraɗi, mai neman shiga jarrabawar aikin gwamnati sai ya haɗa da takardar kotu mai nuna ko an taɓa hukunta shi, kuma sabuwa ake so, wadda ba ta wuce wata uku ba.

Ƙofofin da wannan rajista ke rufewa sun fi ƙarfin kakin soja. Ƙa'idojin aikin gwamnatin tarayya sun hana ɗaukar wanda kotu ta taɓa samu da laifi sai da amincewar hukumar ɗaukar ma'aikata ta musamman, kuma ɗan talakan da zai samu irin wannan amincewa sai an tona. Tsarin mulkin 1999, a sassa na 66 da 107 da 137 da 182, ya hana takarar majalisa ko gwamna ko shugaban ƙasa ga wanda aka hukunta kan laifin da ya shafi rashin gaskiya a cikin shekaru 10 kafin ranar zaɓe. Saurayin da ke bin motar kamfen yau yana iya ganin wannan bai dame shi ba. Amma siyasar ƙasar nan ba ta mantuwa da abin da zai kayar da abokin hamayya. Ranar da jama'arsa suka ce shi suke so, ranar ce wani zai tafi ma'ajiyar kotu da kuɗin hoton takarda.

Akwai kuma ƙofar da ta fi kowace kusa da ɗan Abare, kuma ita ce aka fi jahilta. Dokar ma'adinai ta 2007, a inda ta lissafa waɗanda za a iya ba lasisin ƙaramin haƙa, ta ce ɗan ƙasa wanda ba a taɓa samunsa da laifi ba. A Afrilun 2019 gwamnatin tarayya ta haramta haƙar ma'adinai a Zamfara baki ɗaya, ba a ɗage haramcin ba sai a Disambar 2024, kuma a Maris na 2024 aka ƙaddamar da dakaru na musamman masu farautar masu haƙa ba bisa ƙa'ida ba. Ke nan yaron da aka kama a bakin rami a shekarun haramci, aka kai shi kotu ya amsa laifi don a sallame shi da wuri, yana iya wayar gari ya ga cewa yanzu da aka buɗe hanyar halal, ta rufe masa. Zinariyar tana ƙarƙashin gonar kakansa, takardar tana hannun baƙo, shi kuma lebura ne a kanta. Duk wanda ya san yadda arzikin ƙasar Anka ke fita ya bar masu ita da ramuka, ya san wannan ba ƙaramar asara ba ce.

Tafiya ma haka. Ƙasashen da ke ɗaukar ma'aikata ko ɗalibai suna tambayar tarihin laifi a takardar biza, wanda ya ɓoye aka gano kuwa ya ƙara wa kansa laifi na biyu. Saudiyya, wadda ita ce burin kowa, tana ɗaukar yatsun duk wanda ta kora. A 2025 ta shelanta tarar da ta kai riyal 20,000 ga mai yin aikin Hajji ba da izini ba, da kora, da hana shiga ƙasar na shekaru 10 ga waɗanda suka saɓa dokar zama. Zaman takari da ake yi wa kallon dabara, wani lokaci shi ke hana mutum ganin Ka'aba a shekarun da ya samu halin zuwa da kuɗinsa.

Littafin gari kuwa ya fi na hukuma tsanani, domin shi babu ɗaukaka ƙara. A ƙauye ba a tambayar wane sashe na doka mutum ya karya, ko wata nawa aka ba shi. Magana guda ce: «Ashe ba shi ne anka ɗamre ba?» Ita ake faɗa a zauren da ake shawarar ba shi aure, bayan wakilansa sun tashi. Ita ce ke sa dillalin hatsi a kasuwar Gummi ya ce masa sai dai kuɗi hannu, alhali sa'o'insa na ɗaukar buhu bashi har kaka. Mai babur ba zai ba shi haya ba, mai shago ba zai bar shi kan aljihun tebur ba, dattijon da za a nema ya tsaya masa sai ya ce yana da uzuri. Idan akuya ta ɓata a unguwa, ƙofarsa ake fara bugawa. Kuma ba shi kaɗai ke ɗauka ba: ƙanwarsa da ba ta san hawa ba ba ta san sauka ba, ita ma sai an ambaci yayanta ranar da masu neman aurenta suka zo bincike.

Zamfara ta ga wannan a mafi bayyanar siffarsa. Bayan Gwamna Ahmad Sani Yariman Bakura ya ƙaddamar da shari'ar Musulunci a Gusau a Oktoban 1999, ta fara aiki a Janairun 2000, a watan Maris aka yanke hannun Buba Bello Jangebe a asibitin Talata Mafara kan satar saniya. A 2001 aka yi wa wani mutum haka bayan kotu a Gummi ta same shi da satar kekuna. Ba muhawarar hukuncin ake so a tayar a nan ba. Malamai da lauyoyi sun yi ta, suna kan yi. Abin lura shi ne abin da ya biyo baya. Jangebe ya samu ƙaramin aiki a wata makarantar gwamnati, ya ci gaba da rayuwarsa, amma shekaru 10 bayan hukuncin, a 2010, sunansa ya sake cika jaridu lokacin da wata ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta buɗe muhawara a kansa a Facebook da Twitter, har wata kotun shari'a a Kaduna ta ba da umarnin a dakatar. Fiye da shekaru 20 ke nan, duk wanda ya rubuta sunan a intanet, saniyar nan ce ke fara fitowa. A yau ba sai an kai ga yanke hannu ba. Hoton yaro a tsugune gaban motar 'yan sanda, babu riga, an jera wuƙa da ƙwayoyi a gabansa, yana zagaya WhatsApp kafin alƙali ya ga fuskarsa. Lauyoyi irin su Femi Falana sun daɗe suna cewa wannan baje-kolin ya saɓa wa tsarin mulki, kuma suna da gaskiya. Amma ko kotu ta wanke shi, hoton ba ya gogewa daga wayoyin mutane.

To, me ke kai samarin wannan yanki ga littafin? Ba kasafai babban abu ba ne a farkonsa. Aike ne. Jarkar fetur da za a ajiye a bakin rafi, buhun burodi, katin waya, batirin fitila, ko amsar tambaya guda: sojojin sun fita ko suna nan? Kuɗin yana da kauri idan aka gwada da na noman ƙwadago, kuma mai aiken sau da yawa abokin ƙuruciya ne. Tun da aka rufe layukan waya da kasuwannin mako aka hana sayar da mai a jarka a Satumbar 2021, hukuma ta nuna inda ta sa ido. A Nuwambar 2021 babbar kotun tarayya a Abuja ta ayyana 'yan bindiga a matsayin 'yan ta'adda. A Yunin 2022 Gwamna Bello Matawalle ya sa hannu kan dokar da ta tanadi hukuncin kisa ga ɗan bindiga da mai garkuwa da ɓarawon shanu, ta haɗa har da mai kai musu rahoto. Sannan ga zuciyar jama'a. Wanda ya binne 'yan uwansa bayan hare-haren Janairun 2022 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, inda gwamnati ta ce mutum 58 aka kashe mazauna kuma suka ce kusan 200 ne, ba ya bambanta wanda ya harba da wanda ya nuna hanya. Tambarin infoma idan ya hau kan yaro a wannan ƙasa, da yawa ba su ma kai ga kotu.

Ba a mance ba cewa akwai ƙauyukan da ake yin aiken nan bisa dole, bakin bindiga a ka, ana biyan haraji kafin a shiga gona. Wanda aka tilasta wa daban, kuma haƙƙi ne a kan hukuma ta bambanta shi da mai yi don kuɗi. Maganar a nan da wanda yake da zaɓi ce.

Ƙwaya ita ce hanya ta biyu. Dokar hukumar NDLEA ta tanadi ɗaurin shekaru 15 zuwa 25 ga wanda aka samu da manyan miyagun ƙwayoyi ba bisa ƙa'ida ba, kuma taramol da ake haɗiya a bakin rami don a jure aiki, da maganin tari mai kodin da aka haramta shigowa da shi a 2018, duk suna cikin abin da hukumar ke farauta. Wanda aka ba ƙunshi ya kai wa wani, shi ake kamawa da shi, ba mai kayan ba. A Disambar 2018 an tsare wata ɗaliba daga Kano a Madina saboda ƙwayoyin da aka samu a jakar da aka liƙa wa sunanta. Sai bayan wata huɗu, da aka bankaɗo gungun da ke wannan aika-aika a filin jirgin Kano, sannan aka sake ta. Ita ta samu gwamnati ta tsaya mata. Sai kuma sabuwar hanya, wadda iyaye ba su ma san da ita ba: aron asusun banki. «Don Allah ba ni lambar akawun ɗinka, za a turo min saƙo.» Idan saƙon kuɗin fansa ne ko na damfara, mai asusun ne a rubuce, BVN ɗinsa ce ke shiga jerin waɗanda bankuna ke sa wa ido. Mai sana'ar POS a tashar Anka ya fi kowa bukatar ya san wa yake cire wa kuɗi.

Duk saurayi mai wayo zai kawo hujja a nan, kuma hujjar tana da ƙarfi. Zai ce: Olusegun Obasanjo an ɗaure shi a 1995, ya fito a 1998, aka yafe masa, ya zama shugaban ƙasa a 1999. Tsofaffin gwamnoni Joshua Dariye da Jolly Nyame, da kotu ta ɗaure kan dukiyar jama'a, an yi musu afuwa a Afrilun 2022. A nan gida, a 2020, gwamnatin Zamfara ta yi tayin shanu biyu ga duk ɗan bindigar da ya miƙa AK-47 guda. Auwal Daudawa, wanda ya jagoranci sace ɗaliban Ƙanƙara a Disambar 2020, an karɓe shi a Gusau a matsayin tubabbe a Fabrairun 2021. To ina tabon yake?

Babu amfanin a yi wa matashi ƙarya: ma'aunin ba daidai yake ba, kuma wannan zalunci ne da ya cancanci a yi ta faɗa a kansa. Amma ya dubi abin da kyau. Ikon afuwa da tsarin mulki ya ba shugaban ƙasa a sashe na 175 da gwamna a sashe na 212, wanda sunansa ke isa teburin ne yake samu, kuma sunan ɗan Abare da ya kai jarka ba ya da mai ɗauka zuwa can. Shi Daudawa ko wata uku bai cika ba ya koma daji, aka kashe shi. Sulhu da masu manyan bindigogi ake yi. Yaran aikensu su ne ke cika ɗakunan jiran shari'a. Kuma ba kowane ɗauri ne abin kunya ba. Hajiya Gambo Sawaba ta sha shiga gidan yari saboda jam'iyyar NEPU, yau ga babban asibiti da sunanta a Zariya. Jama'a sun san bambancin wanda aka ɗaure don ya faɗi gaskiya da wanda aka ɗaure don ya ɗauki abin wani.

Saura wanda ƙaddara ta riga ta faɗa wa, ko aka kama shi bisa kuskure. A nan ne jahilcin doka ke yin ɓarnar da ta fi laifin kansa. Kamu ba hukunci ba ne. Sashe na 36 na tsarin mulki ya ce mutum marar laifi ne har sai kotu ta tabbatar, sashe na 35 kuma ya ce a kai wanda aka kama gaban kotu cikin kwana ɗaya, ko biyu idan kotun na nesa. Dokar 'yan sanda ta 2020 ta haramta kama wani a madadin wani, don haka ba a tsare uba ko ƙane saboda an rasa mai laifi. Wanda ake tuhuma yana da damar ya yi shiru har sai ya ga lauya, kuma Hukumar Ba da Agajin Shari'a ta tarayya an kafa ta ne don wanda ba shi da kuɗin lauya. Kada yaro ya dangwala yatsa a kan takardar da ba a karanta masa da Hausa ba.

Tarkon da ya fi kama samari shi ne shawarar nan mai kama da tausayi: «Kai dai ka amsa, tara ce kawai, yau za ka kwana gida.» Dalilin da ya sa take shiga kunne a fili yake. Kusan kashi biyu cikin uku na mutanen da ke gidajen gyaran hali a Najeriya jiran shari'a suke yi, wasu har su zarce wa'adin da za a ba su da an same su da laifin. Wanda ya ga haka sai ya zaɓi amsa abin da bai yi ba. Amma tara ma hukunci ce. A littafi ba a rubuta cewa ya amsa ne don ya gaji ba. Ranar da aka sake gurfanar da shi, ko shekaru nawa aka yi, alƙali zai tambayi mai gabatar da ƙara ko yana da tarihi, kuma sassaucin da ake yi wa mai laifin farko ya riga ya ci shi. Ita tarar ma ba kowa ke iya biya ba: a Nuwambar 2023 ministan cikin gida Olubunmi Tunji-Ojo ya sanar cewa an haɗa Naira miliyan 585 don fitar da mutum 4,068 da rashin kuɗin tara ya riƙe a tsare. Wanda bai aikata ba, haƙurin 'yan makonni tare da lauya ya fi masa sauƙin yini guda.

Akwai magana kuma da ta hau kan iyaye da masu gari, wadda ya kamata samari su ji domin gobe su ne a kan tabarmar. A wani bincike da aka buga a 2003, wata masaniya a Amurka, Devah Pager, ta aika samari neman aiki a birnin Milwaukee da takardu iri ɗaya, bambancin kawai wasu sun nuna an taɓa ɗaure su. A cikin fararen fata, waɗanda aka kira sun faɗo daga kashi 34 cikin ɗari zuwa 17. A cikin baƙaƙe daga 14 zuwa 5. Can, wanda aka rufe wa ƙofa yakan koma bakin titi. A yammacin Zamfara, wanda gari ya ƙi karɓa akwai mai jiransa da babur da bindiga a bayan gari, kuma shi ba ya tambayar takardar shaidar hali. Garin da ya tura tsohon fursuna daji ya ba abokan gabansa mutumin da ya san kowace ƙofa da kowane garke.

Addinin da mutanen wannan ƙasa ke bi bai koyar da haka ba. Ya tabbata a hadisi cewa wanda aka tsayar wa haddi a duniya, hukuncin kaffara ne gare shi. Matar nan ta ƙabilar Makhzum da aka yanke wa hannu a zamanin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, Nana A'isha ta ba da labarin cewa tubanta ya yi kyau, ta yi aure, tana kuma zuwa da bukatarta a isar mata. Da wani sahabi ya la'anci mutumin da aka sha yi wa bulala kan giya, Annabi ya hana, ya kuma yi masa shaidar son Allah da Manzonsa. Ƙasar da ta haifi Shehu Abubakar Mahmud Gumi, wanda ya zama Alƙalin Alƙalan Arewa a 1962, wadda kuma Sarkin Gummi na yanzu, Mai Shari'a Lawal Hassan Gummi, ya taɓa zama babban alƙalin Abuja, ba baƙuwar shari'a ba ce. Ya kamata ta fi kowa sanin cewa hukunci yana da iyaka.

Dokar zamani ma ta fara motsawa. Ingila tun 1974 take da dokar da ke sa ƙananan hukunce-hukunce su shafe bayan wasu shekaru, har mutum ya daina ambatonsu wajen neman mafi yawan ayyuka. A Najeriya, dokar 2019 da ta mayar da gidajen yari gidajen gyaran hali ta kawo hukuncin da ba na ɗauri ba, kamar aikin al'umma da sakin talala da sasanta mai laifi da wanda aka cuta. Ta kuma tanadi takardar shaidar kyakkyawan hali ga wanda ya nuna gyaruwa a tsare, ta ce kada a nuna wa mai riƙe da ita bambanci saboda zaman da ya yi. Jami'ar karatu daga gida ta ƙasa, NOUN, tana koyar da fursunoni kyauta a wasu gidajen, akwai kuma masu fitowa da sana'ar kafinta ko ɗinki ko walda. Tsohon hukunci bai hana mutum katin zaɓe ba, bai hana shi gado ko gona ko buɗe shagonsa ba, kuma sana'ar hannu ba ta tambayar fom. Yawanci ta nan ake sake gina suna, a hankali: aikin da aka kawo aka gama a kan lokaci, bashin da aka biya ranar da aka ce, sahun sallar da aka saba ganin mutum a ciki, har wata rana limami ko mai gari ya yarda ya sa hannu a takardarsa.

Wanda aka sallama kuwa, kada murnar fita ta sa ya tafi hannu rabbana. Annabi Yusuf, da manzon sarki ya zo fitar da shi daga kurkuku, bai fito ba sai da ya nemi a binciki maganar da aka ɗaure shi a kanta, aka wanke shi a gaban jama'a. Matashin da kotu ta wanke, ko aka kori ƙarar da ake yi masa, ya koma wurin magatakardan kotun ya nemi kwafin hukuncin mai hatimi, domin sallamar da aka yi don mai ƙara bai zo ba daban take da wankewa, kuma takardar ce kaɗai za ta nuna wacce aka yi masa. Wanda ya gama wa'adinsa ya karɓi takardar sallama, da rasiɗin tara idan ya biya, ya kuma tambayi jami'in jin daɗin fursunoni yadda ake neman shaidar kyakkyawan hali tun kafin ranar fita. A yankin da ake ƙone gidaje cikin dare, ajiyar ƙarƙashin katifa ba ta isa ba: ya ɗauki hoton kowace takarda a waya, ya kuma kai kwafi guda wurin ɗan uwa a Anka ko Gusau.